Amaryar da Aka Saro Daga Dutse

Kwalbar maganin ta daki ƙirjin Damaris kafin ta faɗi. Murfin ya ɓalle, fararen ƙwayoyi suka warwatse cikin taɓo a gaban motar asibiti.

"Kwashe kayanki," in ji Nana Saveta. "Ɗana lafiyarsa ƙalau."

Tsofaffi sun fi talatin a layi, sun naɗe hannun riga suna jiran awon jini, kowa ya ga abin da aka yi, kowa kuma ya shiga kallon takalminsa. Haka muke mu mutanen Arini. In ana rigima ba mu da ido, sai an watse kowa ya zama shaida.

"Nana Saveta, zuciyarsa ce..." in ji Damaris.

"Ni na haifi zuciyar. Ke yaushe kika san ta?"



Tsohuwar ba ta gama ba. Ta gyara ɗaurin baƙin ɗankwalinta ta ce wata biyar ke nan ɗanta na zuwa motar tubabbu, an auna mata ɗa an sake aunawa, har an auno masa ciwon da ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba. Ta san inda aka dosa. A kai shi birni da sunan aiki, a tsoma shi a ruwa, a dawo mata da shi ba ya ko iya yin alamar gicciye a kan kabarin ubansa.

Damaris ta durƙusa tana tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba don za su ƙara amfani ba, sai don ta samu inda za ta ɓoye fuskarta. Hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Da ta ɗago, sai ta hango Ilinca, 'yar maƙwabtan Nana Saveta, a bakin rijiya, guga a hannu, tana murmushin wanda aikinsa ya yi kyau.

Tubabbu, haka muke kiran waɗanda suka bar tsohon cocinmu. Ba sa shan giya, ba sa rawa, ba sa sumbatar hotunan waliyyai, kuma sai mutum ya girma suke tsoma shi a ruwa cikin farin kaya. Su ne suka haɗa motar nan a birnin Deva, farar mota mai gado ɗaya da akwatin magani, take hawo mana duk Alhamis. Likitanmu na ƙarshe ya bar ƙauyen shekara goma sha biyu da suka wuce, matasa sun tafi Italiya da Sifen, an bar tsofaffi da ciwon ƙafa da hawan jini. Don haka muna zagin tubabbu daga Juma'a zuwa Laraba, ranar Alhamis mu yi wanka mu shiga layi.

Mutum biyu ne a motar ban da direba: Likita Olteanu, tsohuwa mai faɗa da taushin hannu, da nas ɗinta Damaris, 'yar shekara ashirin da huɗu.

A layin nan ta fara ganin Horia, ɗan Nana Saveta.

Ranar ya goyo wani tsoho maƙwabcinsu tun daga saman tudu, ya dire shi a kan benci yana dariya. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, wanda in an fita yankan ciyawa shi ne a gaba. Amma Damaris ba kafaɗar ta gani ba. Leɓensa ta gani ya yi shuɗi, da yadda ya dafa motar yana ɓoye haki.

Ta ce ya zauna. Ya ce shi rakiya ya yi. Ta ce ba tambayarsa take ba.

Ta ɗora abin sauraro a ƙirjinsa. Bayan kowane bugu akwai wani sauti, shuu... shuu..., kamar iska na fita ta ƙofar da ba ta rufu ba. Ta daɗe tana saurare, har ya sunkuyo ya ce a hankali, "Kin ji me?"

"Yi shiru."

"Kar ki damu da gudun da take. Ba ta saba ganin irinku a kusa ba."

Tsofaffin layi suka kwashe da dariya, ita kuwa kunnuwanta suka yi zafi. Likita Olteanu ta saurara, ita ba ta yi dariya ba. Bayan gwaje-gwaje a Deva aka tabbatar: wata ƙofa a zuciyarsa ta tsuke tun haihuwa, sai an yi masa aiki a birnin Cluj. Mishan ta tubabbu ta nema masa gado a watan Satumba. Kafin nan magani safe da yamma, ba ɗaukar nauyi, ba lauje.

To, ciwon ya kawo shi motar, amma ba ciwon ne ya riƙa dawo da shi ba. Duk Alhamis da an tashi cin abinci sai ga shi da cuku a ƙyalle da tuwon masara mai zafi, wai kar 'yar birni ta faɗi a hannunsu. Sukan hau bayan ƙauye a hankali, tana ƙirga masa numfashi, yana ƙirga mata laifuffukan tubabbu. Damaris ba ta san ranar da ta fara son shi ba. Ta dai lura ta daina jin tsawon hanyar Arini, ta koma jin tsawon mako.

Wata Alhamis cikin Mayu ya kai ta bakin daji, ya tsaya gaban wata bishiyar brad, irin itacen dutse mai ganye kamar allura, matashiya, miƙaƙƙiya, ganyenta kore shar.

"Kin san ta?"

"Itace ne, Horia."

"Ba itace ba ne. Wannan ce abokaina za su saro ranar aurena, su yi mata ado su kafa a ƙofar gidanmu. Tun ina ɗan sha biyar na zaɓe ta. Amaryar ce kawai ban samu ba, sai bana."

Ta sunkuyar da kai. Ta tuna masa su ba sa rawa, biki kuma a Arini rawa ce ta kwana biyu.

"Ki tsaya kawai, masoyiyata. Ni zan zagaye ki."

Ta buɗe jakarta ta yanko ɗan bandeji, ta yi ɗage ta ɗaura a reshen da hannunta ya kai, ƙulli biyu irin na asibiti. Bai ƙara tambaya ba.

A gida abin bai zo da sauƙi ba. Mahaifinta dattijon ikilisiya ne, mutum mai gaskiya da taurin kai, kuma ya ce ba zai miƙa 'yarsa ga mai shan giyar gida yana sumbatar hotuna ba. Ta ce, "Tata," don haka muke kiran uba, "Yesun nan fa guda ne." Ya ce ya san da haka, amma hanyar zuwa wurinsa ba ta bi ta Arini ba. Daga ranar ya daina tambayarta yadda aiki.

A Arini kuwa akwai Ilinca. Filin ciyawarsu ya yi iyaka da na su Horia, kuma Nana Saveta ta daɗe tana kallon shingen da ke tsakani tana ganin ranar da za a cire shi. Ilinca ba ta taɓa ɗaga murya ba. Takan shigo taya tsohuwar tatsar saniya, ta ɗan saki magana: wai ta ji a Deva haka tubabbu suke kama samari, su rubuta musu ciwo, wai ƙwayoyin nan suna kashe wa namiji ƙarfi, wanda ya sha su ba ya haihuwa. Gwauruwa mai ɗa guda, a ce mata ba za ta ga jika ba. Abin da ya jefo kwalbar nan a ƙirjin Damaris ke nan.

Da la'asar ɗin ranar, ana haɗa kaya, Horia ya zo. Kunya ta hana shi haɗa ido da ita. Ya ce ta yi haƙuri, Mama tsoro ne ya yi mata yawa. Damaris ta danƙa masa sabuwar kwalba, ta rufe hannunsa da nata biyu.

"Safe da yamma. Kuma ka rantse mini ba za ka taɓa lauje ba."

"Na ɗauka tubabbu ba sa rantsuwa."

"Ai kai ba tubabbe ba ne."

Ya yi dariya, ya yi alamar gicciye, ya rantse.

"Satumba ta kusa," ta ce. "Ka riƙe mini kanka har Satumba, ka ji? Ban roƙe ka komai ba sai wannan."

Sai ruwa ya sauko. Kwana tara ana yi, gefen dutse ya zaftare ya rufe hanya, motar ta yi Alhamis biyu ba ta hau ba. Waya a Arini sai an hau tudun coci ake samunta, in an yi sa'a. Sau ɗaya ya same ta, muryarsa na yankewa, ya ce lafiya lau, yana shan magani, kar ta damu. Ta yarda, don tana son ta yarda.

Alhamis ta uku aka buɗe hanya. Rana ta fito, ƙanshin sabuwar ciyawa ya cika kwarin, Damaris na zaune a gaba tana jin kamar ta sauka ta tura motar.

Sun kusa gadar shiga ƙauye direba ya taka birki, ya cire hularsa.

Samari bakwai ne ke saukowa daga dutse, kai ba hula, sun ɗauko bishiyar brad a kafaɗa, kanta na gaba. Mata sun taro su a bakin gada suna waƙar nan mai ja da ba a yin ta sai a rana irin wannan. Duk ɗan ƙasar nan ya san ma'anarta. In saurayi ya mutu bai yi aure ba, ba a barinsa ya tafi shi kaɗai. Ana saro masa brad daga dutse ta zama amaryarsa, a yi masa bikin da bai samu ba, a kafa ta a kan kabarinsa.

"Allah ya gafarta masa," in ji direba. "Ko wane ne?"

Samari nawa suka rage a Arini? Damaris ta shiga ƙirga waɗanda ke ƙarƙashin itacen, tana neman dogon cikinsu.

Bishiyar ta zo wucewa ta gefen tagarta.

A wani reshe, ruwa ya dafar da shi, rana ta ƙone shi, ga ɗan bandeji. Ƙulli biyu.

Ba ta yi ihu ba. Ta buɗe ƙofa ta sauka, ta zauna a tsakiyar hanya. Likita Olteanu ce ta rungume kanta tana cewa, "Yi kuka, 'yata, yi kuka," amma kukan ya ƙi zuwa.

A bakin matan ta ji yadda aka yi. Da ruwa ya ɗauke, kowa ya fita gayyar yanka kafin ciyawa ta ruɓe. Ranar Talata aka zo filin Nana Saveta. Horia ya zauna a inuwa yana wasa wa mutane lauje, maza na yanke masa filin ubansa. Da mata suka kawo abinci, Ilinca ta ce a miƙa masa ɗankwali ya taya su rabo. Aka yi dariya. Uwarsa ta ji dariyar har cikin ƙashinta, ta ce, "Tashi, kar ka kunyata ni a filin ubanka." Ya tashi. Ya shiga gaba kamar yadda ya saba, ya yanke layi uku. A na huɗu ya durƙusa.

Damaris ta shiga gidan da rana tsaka. An rufe madubi, kyandir na ci. Yana kwance cikin kayan ango, farar riga mai aiki, fure a ƙirji, zobe a yatsa. Ta tsaya a kansa, hannunta ya tafi wuyan hannunsa da kansa, neman bugu, kamar yadda ya saba.

Nana Saveta na zaune a gefe, ta tsufa da shekara goma cikin kwana biyu. Ta tashi da ƙyar ta je kusurwar da hoton Budurwa Maryamu yake, ta sa hannu a bayansa ta zaro kwalba. A cike take, saura kaɗan.

"Kwana uku ya sha," ta ce. "Na ɗauke. Ya roƙe ni, na yi masa kuka, ya bar ni. Ya ce in motar ta zo zai karɓi wani."

Sai a lokacin wani abu ya tsinke a ƙirjin Damaris.

"Wata biyu ya rage, Nana Saveta. Wata biyu! Ba ruwa za a tsoma shi ba, ƙofa za a buɗe masa ya yi numfashi. Da kin bar mini shi da rai, ko Ilinca ya aura wallahi da na gode miki."

Tsohuwar ba ta kare kanta ba. Ta ce gaskiya ne. Ta ce gobe za a kai shi, kuma al'ada sai an samu budurwa ta sa farin kaya da kambin fure ta bi bayan akwatin tare da bishiyar, ta tsaya masa a matsayin amarya. Ilinca ta tafi wurin gwaggonta tun da safe, wai wadda ta yi wa mamaci amarya ba ta auruwa. Sauran 'yan matan suna Italiya.

"Ba ni da bakin roƙonki," ta ce. "Na dai faɗa miki ne."

Damaris ta juya ta fita. Ta koma motar ta auna jinin mutum ashirin da shida, don sun yi mako uku suna jira, kuma babu wanda ya iya kallon fuskarta.

Washegari da sassafe mahaifinta ya same ta a tsakar gida tana guga. Farar rigar da aka yi mata baftisma da ita ce, wadda uwarta ta ajiye a ƙasan akwati. Ya tsaya yana kallo. Ya ce wannan al'adar arna ce da aka shafa mata man coci, aurar da gawa ga itace. Ya ce in ta je, ikilisiya za ta dakatar da ita daga teburin Ubangiji, kuma shi da bakinsa zai karanta sanarwar.

"Ka karanta, Tata."

"Damaris..."

"Kun hana ni shi yana da rai, kai da uwarsa, kowa da nasa dalili mai kyau. Yau babu abin da ya rage da za a hana. Ba zan bar shi ya tafi da itace kaɗai ba."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya shiga ɗaki, ta ɗauka ya gama magana ke nan. Sai ta ji ƙarar makullin mota.

Shi ya tuƙa ta har Arini.

Mata suka sa mata kambin fure. An yi wa bishiyar ado da jan zare da ƙyallaye da ƙananan ƙararrawa, amma babu wanda ya taɓa bandejin. Masu busa suka shiga gaba da kiɗan biki, a hankali, kamar ba sa so. Damaris ta bi bayan akwatin cikin rigar nan da Nana Saveta ta fi tsoro a duniya, tsohuwar kuma na riƙe da hannunta kamar za ta karya shi.

A bakin kabari Fada, limamin cocinmu, ya gama addu'a, aka kafa bishiyar a wajen kansa. Abokansa suka kama kafaɗar juna suka yi zagayen rawar ango, sau uku, ba mai murmushi. Ita tana tsakiya kusa da brad ɗin, ba ta motsa ba.

Sai ta tuna maganarsa: ki tsaya kawai, ni zan zagaye ki.

A nan kukan ya zo. Ta rungume itacen tana kiran sunansa, "Horia... masoyina... na zo, ga ni na zo," ganyen na sukar fuskarta ba ta ji. Can a bakin ƙofar maƙabarta, inda ya ce ba zai wuce ba, mahaifinta na tsaye da hula a hannu, kafaɗunsa na rawa.

An karanta sanarwar ranar Lahadi, an dakatar da ita wata uku. Wani dattijo ne ya karanta, mahaifinta ya ce muryarsa ta dushe. Likita Olteanu kuwa ta ce ita ba ta ga inda aka rubuta dakatacciya ba ta iya awon jini ba, don haka ranar Alhamis Damaris ta hau mota.

Mutum na farko a layi Nana Saveta ce. A shekara uku da motar ke zuwa ba ta taɓa yarda an taɓa ta ba. Ta hau da ƙyar, ta zauna a bakin gadon, tana haki daga ɗan tudun da ta hawo.

"Auna ni, surukata," ta ce, yadda na waje za su ji.

Damaris ta naɗa mata abin awo. Sannan ta lura da hakin, da launin leɓenta. Ta ɗauko abin sauraro ta ɗora a kan baƙar rigar.

Shuu... shuu...

Ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba, gaskiyar tsohuwa ce. Ita ta haifi zuciyar, a wurinta ya gaji ciwon. Damaris ta rufe ido, ta ƙi ɗaga hannunta, don ta ɗauka ba za ta ƙara jin sautin nan ba har abada, ga shi kuma yana bugawa a kunnenta.

Tsohuwar ta sunkuyo. "Kin ji me?"

"Shi na ji, Mama."

Likita Olteanu ta saurara, ta gyaɗa kai, ta rubuta. Damaris ta ɗauko sabuwar kwalba, ta zazzago ƙwaya ɗaya a tafin hannun tsohuwar, ta miƙa mata ruwa.

"Safe da yamma," ta ce.

Nana Saveta ta kalli ƙwayar ta daɗe. Sannan ta matsa bakin ƙofar motar, inda duk layin zai gan ta, ta yi alamar gicciye, ta haɗiye.